Philip Hench: Likitan da ya shafe kusan shekara 30 yana tattara takardun tarihin zazzaɓin shawara

Duk jaririn da aka kai asibiti a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi idan ya cika wata tara, cikin alluran da ake yi masa akwai ta rigakafin zazzaɓin shawara. Haka maniyyacin da zai tafi Saudiyya, sai ya riƙe katin nan mai ruwan ɗorawa da ke shaida cewa an yi masa ita. Allurar ba ta ɗaukar minti ɗaya, kuma sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013.

Sai dai kafin a kai ga wannan sauƙi, an yi asarar rayukan likitoci, wasu mutane kuma sun miƙa hannayensu sauro ya cije su da gangan. Dalilin da ya sa har yau ake iya bin labarin waɗannan mutane dalla-dalla, da sunayensu da ranakun da abubuwa suka faru, shi ne wani likita Ba'amurke mai suna Philip Showalter Hench. Bai taɓa yin bincike a kan ƙwayar cutar ba. Takardunta ya bi, kafin su ɓace tare da masu su.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Hench ranar 28 ga Fabrairu, 1896, a birnin Pittsburgh da ke Jihar Pennsylvania a Amurka. Mahaifinsa malamin makaranta ne. An haife shi da tsaga a ganɗarsa, lalurar da ke sa magana ta riƙa fita ta hanci, amma ya yi ta horar da harshensa har ya zama ɗaya daga cikin likitocin da ake gayyata su yi lacca a manyan taruka.

Ya kammala Kwalejin Lafayette a 1916, sannan ya samu digirin likita a Jami'ar Pittsburgh a 1920. Daga nan ya nufi asibitin Mayo da ke garin Rochester a Jihar Minnesota, inda ya yi kusan duk rayuwarsa ta aiki. A 1926, yana da shekara 30, aka ba shi shugabancin sashen kula da masu amosanin gaɓɓai. Shekara guda bayan haka ya auri Mary Kahler, wadda suka haifi 'ya'ya huɗu tare.

Shawarar da ta kai shi ga lambar Nobel

Abin mamaki, shawara ce ta fara buɗe wa Hench ƙofar ɗaukaka, tun kafin ya shiga harkar takardu. A watan Afrilun 1929 ya lura da wani majinyaci da amosani ya daɗe yana ƙuntata wa. Da mutumin ya kamu da ciwon hanta idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, sai kumburin gaɓɓansa ya saɓe, ciwon ya lafa. Bayan shawarar ta wuce da wani lokaci, amosanin ya dawo.

Hench ya ci gaba da rubuta irin wannan duk inda ya gan shi. Ya kuma lura cewa mata masu amosani kan samu sauƙi idan suna da juna biyu. Sai ya yanke cewa lallai jikin ɗan Adam yana samar da wani sinadari da ke kwantar da kumburi, kuma sinadarin yana ƙaruwa a waɗannan lokuta biyu.

Ya shafe kusan shekara 20 yana nemansa. A asibitin na Mayo akwai wani masanin haɗa sinadarai, Edward Kendall, da ke tace sinadaran wata 'yar halitta da ke zaune a saman kowace ƙoda. Ranar 21 ga Satumba, 1948, aka yi wa wata mata mai shekara 29 allurar ɗaya daga cikinsu. Matar da ba ta iya juyawa a kan gado sai da taimako, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Sinadarin shi ne aka raɗa wa suna kotizon. A 1950 aka ba Hench da Kendall da Tadeus Reichstein na ƙasar Suwizalan lambar yabo ta Nobel.

Magunguna irin su prednisolone da dexamethasone da ke cike da shagunan magani a yau, duk dangin kotizon ne. Tun a farkon gwaji Hench ya ga illar yawan amfani da shi, kamar kumburin fuska da sauyawar hali, kuma ya riƙa jan kunnen likitoci a kai. Jan kunnen yana nan da amfaninsa ga masu shan irin waɗannan ƙwayoyi don neman ƙiba ba tare da umarnin likita ba.

Abin da ya faru a Kyuba a 1900

Domin a gane abin da Hench ya tattara, sai an koma baya kaɗan. Zazzaɓin shawara yana farawa da zafin jiki da ciwon kai da na baya. Da yawa sukan warke a nan. Ga wasu kuwa yakan lafa na yini ɗaya ya dawo, ya kama hanta da ƙoda, idanu su yi ruwan ɗorawa, majinyaci ya riƙa aman baƙin jini. A 1793 ya kashe kimanin mutum 5,000 a birnin Philadelphia. A 1878 ya kashe fiye da haka a Memphis. Shi da zazzaɓin cizon sauro ne suka taimaka wajen durƙusar da yunƙurin Faransawa na haƙa mashigin ruwan Panama.

A wancan zamani likitoci sun ɗauka cutar tana yaɗuwa ne ta tufafi da shimfiɗar majinyaci da ƙazantar gari. Shi ya sa ake ƙona kayan mamaci ana tsare jiragen ruwa. A 1881 wani likita ɗan Kyuba, Carlos Finlay, ya ce wani nau'in sauro ne ke ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum. Kusan shekara 20 abokan aikinsa suna yi masa kallon mai ɓata lokaci.

Bayan yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898, sojojin Amurka suka zauna a Kyuba, cutar ta shiga cinye su. A watan Yunin 1900 aka tura kwamitin likitoci huɗu: Walter Reed a matsayin shugaba, sai James Carroll da Aristides Agramonte da Jesse Lazear. Suka ziyarci Finlay, ya ba su ƙwayayen sauron da yake zargi. A ƙarshen Agusta Carroll ya bari sauron da ya sha jinin majinyaci ya cije shi. Ya kwanta rai a hannun Allah, amma ya tashi. Lazear bai yi wannan sa'ar ba. Ya rasu ranar 25 ga Satumba, 1900, yana da shekara 34, ya bar mata da ƙananan yara biyu.

A watan Nuwamba Reed ya kafa sansani a wata gona kusa da Havana, ya sa masa sunan Lazear, ya gina ƙananan ɗakuna biyu na katako. A ɗaki na farko aka zuba barguna da tufafin waɗanda cutar ta kashe, da amansu da jininsu, aka toshe duk wata kafar da sauro zai bi. 'Yan sa-kai suka riƙa kwana 20 a ciki, rukuni bayan rukuni. Babu wanda ya kamu. Ɗaki na biyu tsaf yake, an raba shi biyu da wayar raga. Aka saki sauro masu ɗauke da cutar a ɓangare ɗaya. John Moran, wanda ya shiga ɓangaren sauron, ya kamu. Waɗanda suka kwana a ɗaya ɓangaren suna shaƙar iska ɗaya da shi, ko ciwon kai ba su yi ba. Gwaje-gwajen sun kuma nuna cewa sai sauro ya yi kimanin kwana 12 da shan jinin majinyaci kafin ya iya harbin wani, abin da ya sa yawancin gwajin Finlay na baya bai yi nasara ba.

A 1901 William Gorgas ya bi gidajen Havana yana rufe randuna da ganguna yana zubar da ruwan da ya kwanta, cikin 'yan watanni cutar ta ɗauke daga birnin. Dattawanmu sun san jikan wannan aiki. Duba-garin zamanin En'e da ke shiga gida ya leƙa randa da tulu yana neman tsutsotsin sauro, darasin Havana yake aiwatarwa. Sauron baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, kuma ruwan da aka ajiye a gida ya fi so ya yi ƙwai a ciki.

Farautar takardu

Reed bai daɗe ba bayan wannan nasara. Ciwon afendis ya kashe shi a watan Nuwamban 1902 yana da shekara 51. Carroll ya bi shi a 1907, Finlay a 1915, Agramonte a 1931. Kafin ƙarshen shekarun 1930 labarin ya cakuɗe. An yi wasan kwaikwayo da fim a kansa, kowa ya ƙara gishirinsa, waɗanda suka rage da rai kuma kowanne da yadda yake tuna abin.

A daidai wannan lokaci Hench ya shigo. A 1940 Kwalejin Washington da Jefferson, inda Lazear ya taɓa karatu, ta shirya bikin tunawa da shi, Hench yana cikin masu jawabi. Tun a shirye-shiryensa ya ga littattafan da ke hannu suna saɓa wa juna, har a kan inda sansanin yake. Maimakon ya zaɓi wanda ya fi daɗin ji, sai ya shiga neman waɗanda aka yi abin a gabansu.

Ya rubuta ɗaruruwan wasiƙu. Ya samu tsofaffin likitocin soja biyu da ke Kyuba a 1900, Jefferson Kean da Albert Truby, ya riƙa aika musu dogayen jerin tambayoyi, yana gwama amsar wannan da ta wancan. Ya zauna da John Kissinger, sojan da ya fara kamuwa a sansanin kuma ya ƙi karɓar ko sisi, wanda daga baya ya yi shekaru ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Ya kusanci iyalan Reed da na Lazear har suka amince masa da wasiƙun da mazajen suka riƙa aikowa gida daga Kyuba. Ya tattara hotuna da taswirori da takardun da aka riƙa rubuta zafin jikin majinyata a kansu. Duk wannan da kuɗin aljihunsa ya yi, a lokacin hutunsa, alhali yana shugabantar sashe a asibiti, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu yana aikin likitan soja.

Cikin abubuwan da ke tarinsa akwai takardar yarjejeniyar da 'yan sa-kai suka sanya wa hannu, da Turanci da Sifaniyanci. Takardar ta bayyana wa mutum cewa yana iya mutuwa, ta yi masa alƙawarin dala 100 ta zinariya, da ƙarin dala 100 idan ya kamu. Ana lissafa ta cikin takardun farko na neman amincewar mutum a rubuce kafin a yi gwajin lafiya a kansa. Da yawa daga masu sa hannun baƙi ne talakawa da suka zo ci-rani daga Sifaniya, kuma albarkacin takardar ne sunan irin su Antonio Benigno bai ɓace ba.

Akwai kuma batun mutuwar Lazear. Abin da aka sanar a hukumance shi ne wani sauro ne ya sauka a hannunsa a ɗakin majinyata, shi kuma bai kore shi ba. Abin da Hench ya ji daga bakin Kean da Truby, da abin da ya gani a wani littafin ɗakin gwaji da ke Cibiyar Likitoci ta New York, sun karkata ga cewa Lazear da kansa ya ɗora wa kansa sauron, abokan aikinsa kuma suka rufe maganar don kada iyalinsa su rasa kuɗin inshora. Da ba a tambayi waɗannan dattawa ba, da maganar ta bi su kabari. Kissinger ya rasu a 1946, Kean a 1950, Truby a 1954.

Ɗakin katako da rigimar Finlay

Babban abin da Hench ya gano ba takarda ba ce. A Kyuba an daɗe ana nuna wani wuri daban a matsayin Sansanin Lazear. Hench ya yi ta zuwa Havana, ya haɗu da Moran, wanda a lokacin yake zaune a can, suka bi tsofaffin taswirori da hotuna. Ya samu iyalan mai gonar, har da littafin lissafin da aka rubuta kuɗin hayar filin a ciki. A ƙarshe ya tabbatar cewa wani ruɓaɓɓen ɗakin katako da ke unguwar Marianao shi ne ɗakin da aka kwana da kayan matattu. Ya shafe fiye da shekara 10 yana bin hukumomi kafin gwamnatin Kyuba ta gyara wurin. An buɗe shi a matsayin wurin tarihi ranar 3 ga Disamba, 1952, ranar zagayowar haihuwar Finlay.

Zaɓen ranar ba banza ba ne. 'Yan Kyuba sun daɗe suna jin haushin yadda Amurkawa ke ambaton Reed su manta da Finlay, wasu Amurkawa kuma suna ganin Finlay hasashe kawai ya yi. Hench ya tsinci kansa a tsakiya, musamman da aka nemi shawararsa a kan wani babban zanen da Dean Cornwell ya yi na waɗannan mutane, wanda aka bayyana a 1941, inda har wurin da za a tsayar da Finlay sai da aka yi ta muhawara. Matsayin Hench shi ne takardu sun ba kowa haƙƙinsa: Finlay ne ya nuna sauron, kwamitin Reed ne ya kawo hujjar da ba ta bar wurin musu ba.

Rasuwarsa

Burin Hench shi ne ya rubuta cikakken littafi a kan lamarin. Shaharar kotizon da tafiye-tafiyen lacca suka cinye lokacinsa, daga baya kuma lafiya ta yi ƙaranci. Ya yi ritaya a 1957. Ya rasu ranar 30 ga Maris, 1965, a garin Ocho Rios na ƙasar Jamaika, inda ya je hutu, sakamakon ciwon nimoniya. Yana da shekara 69, kuma littafin bai rubutu ba.

Matarsa Mary ta miƙa dubban takardun ga Jami'ar Virginia, inda Reed ya samu digirin likita a 1869. Da su William Bean ya dogara wajen rubuta tarihin Reed da ya fito a 1982, kuma an ɗora da yawa daga cikinsu a intanet, ta yadda ɗalibi a Zariya zai iya karanta wasiƙar da Reed ya rubuta da hannunsa.

Rabin labarin da ya faru a ƙasarmu

Tarin Hench ya tsaya ne a kan Kyuba. Amma allurar da ake yi wa yaranmu daga Afirka ta Yamma asalinta ya fito. A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta kafa cibiyar binciken zazzaɓin shawara a Yaba da ke Legas, ƙarƙashin Henry Beeuwkes. A ƙarshen watan Yunin 1927 likita Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani majinyaci mai shekara 28 a garin Kpeve na ƙasar Gana ta yau. Sunansa Asibi, suna mai kama da Asabe a kunnen Bahaushe. Aka sa jinin a jikin wani biri da aka kawo daga Indiya, birin ya kamu ya mutu. Wannan ne ya ba masana damar riƙe ƙwayar cutar a ɗakin gwaji.

An biya tsada a nan ma. Adrian Stokes, farfesa ɗan ƙasar Ayalan, ya kamu a bakin aiki ya rasu a Legas ranar 19 ga Satumba, 1927. Hideyo Noguchi ɗan Japan ya rasu a Akara a watan Mayun 1928, William Young ya bi shi bayan 'yan kwanaki, sai Theodore Hayne a Legas a 1930. Shi kuwa Asibi ya warke. Daga ƙwayar da aka samu a jininsa Max Theiler ya samar da rigakafin da ake kira 17D a 1937, aka ba shi lambar Nobel a 1951, shekara ɗaya bayan Hench. Duk wanda aka yi wa allurar shawara a yau, jikar ƙwayar jinin Asibi ce ta shiga jikinsa.

Rahotanni da littattafan aikin cibiyar Yaba suna ajiye a ma'adanar Rockefeller da ke Jihar New York. Turawan da suka mutu an rubuta tarihinsu. Asibi kuwa, abin da littattafan likitanci suka fi maimaitawa game da shi bai wuce sunansa da shekarunsa da garinsa ba. Masu kama sauro da masu kiwon birai da masu fassara, 'yan ƙasa da aikin ba zai yiwu ba sai da su, da wuya mai karatu ya ci karo da sunan ɗaya daga cikinsu.

Cutar kuma ba ta zama tarihi ba tukuna. Ta ɓarke a yankin Jos a 1969, ta kashe dubbai a Oju da ke Jihar Binuwai a 1986, ta sake ɓulla a Jihar Kwara a 2017, sannan a Alkaleri ta Jihar Bauchi a 2019. Duk lokacin da ta dawo, masu yaƙi da ita kan so su san inda ta taɓa sauka, a wane wata, da kuma wa ta fi kamawa. Amsar tana cikin tsofaffin rajistocin asibiti da rahotannin duba-gari.

Wurin ajiya bai gagare mu ba. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai Arewa House da Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa a 1970. Abin da ke da wahala shi ne mai ɗauko takardun ya kai su can kafin gara da ɗigar damina su riga shi. A garuruwa irin su Ikara da Makarfi da Kudan har yanzu akwai tsofaffin malaman asibiti da duba-gari da unguwarzoma da suka ga yaƙi da agana da sanƙarau da kwalara da idanunsu, wasunsu da takardu a cikin adaka. Ga kuma makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, mai ɗalibai da ke neman batun bincike kowace shekara, kowannensu da wayar da ke ɗaukar murya da hoto.

Lokacin da Hench ya fara bin shaidun Kyuba, kusan shekara 40 ke nan da yin gwajin, kuma cikin shekara 15 manyan shaidun da ya dogara da su suka ƙare. An daina ganin agana a Najeriya tun 1970. Matashin da ya zaga ƙauyuka yana yi wa mutane lamba a wancan lokaci, yau ya haura shekara 70.